Kiɗan Bariki na 27: Littafin Aikin Shirin Messiaen

2 ga Oktoba

Yau na buɗe wannan littafi don in riƙa barin shaidar inda aiki ya kwana. Na san halina, in ban rubuta ba sai in wayi gari ina rantsuwa na gama abin da ko farawa ban yi ba. Aikin shi ne shirin sauti da Hausa, kashi biyar, kowane kashi kamar minti 20, a kan Olivier Messiaen, Bafaranshen da ya haɗa ɗaya daga cikin fitattun kaɗe-kaɗen ƙarni na 20 yana tsare a sansanin fursunonin yaƙi na Jamus. Ana furta sunan "Mesiyan". Ranar 15 ga Janairu 1941 aka fara kaɗa kiɗan, mai suna Quatuor pour la fin du Temps, a Bariki na 27 na sansanin, shi ya sa nake so kashi na farko ya fita ranar 15 ga Janairu mai zuwa. Ƙanena ya yarda zai riƙe ɓangaren na'ura, da sharaɗin data da man janareta suna wuyana.

Tun a layin farko na cije. Me zan kira sana'ar mutumin? In na ce mawaƙi, mai sauraro zai jira ya ji muryarsa. In na ce makaɗi, a wajenmu wanda ya ƙirƙiri kiɗa shi ne mai kaɗa shi, da 'yan amshinsa a bayansa. Shi kuwa wannan zama yake da fensir da takarda mai layi biyar-biyar, ya rubuta abin da kowane kayan kiɗa zai yi, wani da bai taɓa ganinsa ba ya ɗauka bayan shekara hamsin ya kaɗa daidai. Na tsaya a kan "marubucin kiɗa". Da na faɗa wa uwargida sai ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, kiɗa kuma rubuta shi ake yi?" Da tambayar nan zan buɗe shirin.

9 ga Oktoba

Rubutun kashi na ɗaya ya kammala, shafi shida. Na taƙaita yarintarsa, don ba ita ta tara mu ba. An haife shi a Avignon ranar 10 ga Disamba 1908. Mahaifinsa Pierre malamin Turanci ne, ya fassara wasannin Shakespeare zuwa Faransanci. Mahaifiyarsa Cécile Sauvage marubuciyar waƙa ce. Yana ɗan shekara 11 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Paris. A 1931, yana da shekara 22, aka ba shi kujerar mai kaɗa ogan a cocin Sainte-Trinité, wato babban kayan kiɗan nan mai bututaye da iska ke busawa, wanda kan cinye bango guda na coci. Bai bar kujerar ba sai da mutuwa ta raba su a 1992. Ya auri Claire Delbos, mai goge, a 1932, suka haifi ɗansu Pascal a 1937.

Abu uku nake so mai sauraro ya riƙe kafin mu shiga yaƙi: ɗan Katolika ne mai tsananin riƙo, ba ya gajiya da sauraron kukan tsuntsaye, kuma ya sha faɗa cewa in ya ji sauti launuka yake gani a ransa.

Sunayen kayan kiɗa huɗu da ake kaɗa kiɗan da su sun ci min yamma guda. Goge bai ba da wahala ba. Na biyun na kira shi babban goge, wanda ake tsayarwa tsakanin gwiwoyi. Fiyano kowa ya san shi. Na huɗun ne na so in ce algaita, sai ƙanena ya kunna min su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Yaya, ka ji da kunnenka." Gaskiyarsa. Algaita don filin hawan salla aka yi ta, tana ratsa hayaniyar dawakai. Wannan kuwa tana iya yin ƙasa-ƙasa har sai ka riƙe numfashi kafin ka ji ta. Sarewa ma ba ita ba ce. Na bar ta kilarinet.

20 ga Oktoba

Kashi na biyu, yaƙi. Na buga taswirar gabashin Faransa na manna a bango da ƙusa, don garuruwan suna rikice min.

Faransa ta shelanta yaƙi a kan Jamus ranar 3 ga Satumba 1939, aka kira Messiaen soja. Idonsa ba shi da ƙarfi, saboda haka aka sa shi cikin masu taimaka wa ma'aikatan jinya. A Verdun ya haɗu da mutum biyu da labarin ba ya tafiya sai da su. Étienne Pasquier kofur ne, amma kafin kaki sanannen mai babban goge ne, shi da 'yan'uwansa Jean da Pierre suna da ƙungiyarsu ta mutum uku. Henri Akoka mai kilarinet ne, Bayahude haifaffen Aljeriya. Pasquier ya ba da labarin yadda yakan shirya gadin asuba ya faɗo a kan Messiaen, don ya samu ya saurari tashin tsuntsaye. Wannan wuri na ja shi da tsawo a rubutun. Kofur yana amfani da ɗan ikonsa don wani ya ji kukan tsuntsu, a garin da aka yi ɗaya daga cikin mafiya munin gumurzun yaƙin duniya na farko a 1916.

Jamus ta afko ranar 10 ga Mayu 1940. Paris ta faɗi ranar 14 ga Yuni, aka sa hannu a takardar tsagaita wuta ranar 22. Sojan Faransa kusan miliyan 1.8 suka shiga hannu cikin makonni shida, har da mutanen nan uku, waɗanda aka kama suna gudu a ƙafa. An tara su a wani fili kusa da Nancy, ba rufi ba inuwa. A filin nan Akoka ya fara gwada wani kiɗa na kilarinet kaɗai da Messiaen ya rubuta, Pasquier yana riƙe masa takardar. Akoka ya yi ta ƙorafin ba zai iya ba, marubucin yana lallashinsa. Kiɗan nan shi ya zama na uku cikin ɓangarori takwas na kiɗan sansanin daga baya.

Daga nan sai jirgin ƙasa zuwa Görlitz, sansanin da Jamusawa suka kira Stalag VIII-A. Bayan 1945 kogin Neisse ya zama iyaka, gefen da sansanin yake ya koma ƙasar Poland da sunan Zgorzelec. A can suka sami na huɗunsu, Jean Le Boulaire mai goge.

22 ga Oktoba

Ban yi komai ba. Jarrabawar tsakiyar zango, takardu 140 na jiran jan biro.

3 ga Nuwamba

Yau na yaga shafi uku.

Labarin da na fara sani, wanda ya ja ni cikin aikin nan tun farko, ga shi: mutum 5,000 sun taru cikin sanyi, babban gogen tsirkiya uku gare shi maimakon huɗu, kuma kiɗan duka a cikin sansani aka haife shi. Haka na rubuta, har na ji daɗin yadda jimlolin suka zauna. Daga bakin Messiaen kansa adadin nan da zancen tsirkiya suka fito, to wa zai yi musu?

Ashe an yi. Wata Ba'amurkiya mai busa kilarinet, Rebecca Rischin, ta bi Pasquier da Le Boulaire da ransu, ta kuma zauna da dangin Akoka, ta fitar da bincikenta a 2003. Pasquier ya dage cewa gogensa tsirkiya huɗu cur gare shi, kuma da uku ba yadda za a yi a kaɗa abin da aka rubuta. Fursunoni ne ma suka yi karo-karo, aka raka shi cikin gari ya sayo gogen. Bariki na 27, wanda aka mayar ɗakin wasanni, ba zai ɗauki fiye da kamar mutum 400 ba. Sannan ɓangare na biyar daga wani kiɗa ya ɗauko shi da ya yi wa baje kolin Paris na 1937, na takwas kuma daga wani kiɗan ogan na 1930. Na uku mun riga mun ga an fara shi kafin a kai su Görlitz.

Na zauna jim ina jin haushi, kamar an karɓe min wani abu. Daga baya na tuna da tsofaffin sojan Boma da muka tarar muna yara, waɗanda in suna ba da labari kogin da suka haye yana ƙara faɗi kowace shekara. Ba wanda ya ce ba su je ba. Labari ne in ya daɗe a baki sai ya yi ƙiba. Ban ga dalilin kiran Messiaen maƙaryaci a shirin ba, amma ban ga dalilin maimaita 5,000 ba kuma.

Abin da ya rage bayan an tace ya ishe ni. Tsakiyar hunturun Silesiya ne, yankin da sansanin yake. Yunwa ta kai inda shi kansa ya ce yakan yi mafarkai masu launi. Fiyanon tsoho ne, wasu maɓallansa in an danna sai su maƙale. Ya zauna gabansa da wata koriyar rigar sojan Cek da takalman katako. Hafsoshin Jamus suna sahun gaba, fursunoni a bayansu, Faransawa da 'yan Beljiyam da 'yan Poland, mafi yawansu ba su taɓa jin kiɗa irin wannan ba, suka zauna kusan minti 50. Ya ce ba a taɓa sauraronsa da natsuwa irin ta ranar ba. Wannan kam na bar masa.

12 ga Nuwamba

Sunan kiɗan, Quatuor pour la fin du Temps. Kalmar farko mai sauƙi ce, kiɗan mutum huɗu. Sauran ne ya hana ni barci. Na fara da "ƙarshen zamani", sai na ga in Bahaushe ya ji haka, lalacewar tarbiyya da yara marasa kunya za su faɗo masa, abin da tsofaffi ke cewa in sun ga abin mamaki. "Tashin duniya" kuma tsoro yake kawowa, kiɗan kuwa rabinsa natsuwa ne.

Na haura gidan maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, Kirista, na ce, "Baba, wata aya nake nema a littafinku." Ya sa aka ɗauko masa tabarau ya buɗe Wahayin Yahaya, sura ta 10. Mala'ika ne ya sauko, bakan gizo a kansa, ƙafar dama a kan teku, ta hagu a kan ƙasa, ya ɗaga hannu ya rantse. A fassarar Faransancin da Messiaen ya riƙe, rantsuwar ita ce lokaci ba zai ƙara kasancewa ba. Baba ya nuna min cewa fassarori da yawa na yanzu "ba sauran jinkiri" suke nufi a wurin. Ya ce, "Ɗana, mutuminka ya ɗauki wadda ta yi masa." Muka yi dariya. Ya hana ni tafiya sai da na sha kunun gyaɗa.

Saboda haka "Kiɗan Mutum Huɗu don Ƙarewar Lokaci". Bai da daɗin faɗa kamar na farko, amma shi ne ma'anar: lokacin da ake ƙirgawa ya ƙare, dawwama ta fara. Har adadin ɓangarorin, takwas, Messiaen ya bayyana dalilinsa a gabatarwar kiɗan: kwana shida na halitta, na bakwai na hutu, na takwas kuwa shi ne wanda ba ya ƙarewa. Ɓangare na shida na ƙaho bakwai ne. Mai sauraro Musulmi ba sai an yi masa dogon bayani a kan busa ƙaho ba. Zan dai faɗi a sarari cewa wannan aƙidar Messiaen ce nake bayarwa, kada a ce malamin Faransanci ya koma wa'azi.

24 ga Nuwamba

Mako biyu ina kokawa da kashi na uku, wanda zai bayyana yadda kiɗan yake aiki. Nan ne na fi tsoron a kashe waya.

Gaskiyar magana, ƙarewar lokaci ba a suna kaɗai take ba, tana cikin kiɗan. Kunnenmu ya saba da bugun da ke dawowa, wanda ƙafa ke bi ba tare da an umarce ta ba. Messiaen ya ƙi wannan da gangan; ya taɓa nuna cewa ya gaji da tafiyar soja ta ɗaya-biyu, ɗaya-biyu. Dabararsa ɗaya ita ce ya ƙara ɗan guntun lokaci a inda ba a zata ba, sai ƙafa ta yi tuntuɓe. Wata dabarar ita ce jerin da in ka karanta shi daga gaba ko daga baya duk ɗaya ne, ba ya nuna inda ya dosa. Ya kuma yi nazarin jerin salon bugu 120 da wani malamin Indiya, Sharngadeva, ya tattara a ƙarni na 13.

Ɓangaren farko ne ya fi ba ni wahala. Ya ce tsakanin ƙarfe uku da huɗu na asuba ne, tsuntsaye na farkawa. Kilarinet da goge su ne tsuntsayen. A ƙarƙashinsu fiyano yana juya abu biyu lokaci guda: jerin tsawon bugu 17 da jerin sautuka 29. Kowanne in ya ƙare sai ya koma farko, amma da yake tsawonsu ba ɗaya ba, ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan bugu 493, kiɗan kuwa ya tsaya tun kafin a je ko kusa. Na gwada bayanin nan a kan Inna da lissafi, ta dube ni kawai. Sai na ce, "Inna, kasuwa biyu ce, ɗaya tana ci duk kwana huɗu, ɗaya duk kwana bakwai. In sun ci tare yau, yaushe za su sake?" Ba ta ko ƙirga da yatsa ba ta ce kwana 28. Na ce to haka fiyanon yake, sai dai mu an ba mu kwana uku ne kawai a tsakiyar watan. Ta ce, "To ai da haka ka ce tun ɗazu." Misalin kasuwa ya shiga rubutu, lissafin ya koma jimla ɗaya.

Na kunna mata ɓangare na biyar, na babban goge da fiyano, wanda aka rubuta a kansa cewa a tafi da shi a hankali marar iyaka. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa. Ta ce kamar mai ta'aziyya da ba ya son tashi.

1 ga Disamba

Ranar nan ta tilasta min abin da nake ta kaucewa. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe wuta a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga zaman fursuna suna neman haƙƙinsu na albashi. Hukuma a lokacin ta ce mutum 35. Masana tarihi da dama na ganin adadin ya wuce haka nesa.

Sojojin nan ana kiransu 'yan Senegal, amma daga duk ƙasashen da Faransa ke mulka a yankin aka kwaso su, har da Nijar. A watan Yunin da aka kama Messiaen, a Chasselay kusa da Lyon, Jamusawa sun ware baƙaƙen fursunoni suka harbe su. Waɗanda suka tsira kuma akasarinsu ba a bar su a ƙasar Jamus ba. 'Yan Nazi ba sa son su a can, sai aka tsare su a sansanoni cikin Faransa. Ɗaya daga cikinsu Léopold Sédar Senghor ne, wanda ya yi kusan shekara biyu a tsare, ya rubuta waƙoƙi a ciki, ya fito a 1942, ya zama shugaban Senegal a 1960.

Ƙanena yana ganin wannan zai karkatar da shirin. Na ce minti uku ne kawai, a kashi na biyu, daidai inda jirgin ƙasa ya tashi zuwa Görlitz. Mai sauraro a Maraɗi ko Damagaram yana da haƙƙin ya san ina aka kai kakanninsa sa'ad da aka kai wannan can.

10 ga Disamba

Ɗaukar murya ta farko, a ranar haihuwar mutumin, ba da shiri ba. Mun lulluɓe tagar ɗakin baya da bargo biyu da katifa. Da rana ba ta yiwuwa, injin markaɗe na maƙwabta ba ya hutu. Da dare an ɗauke wuta, janareta kuma ya shiga cikin murya kamar ƙuda a kwalba. Sai muka koma bayan sallar asuba da batir.

Minti 12 muka yi lafiya, sai wata kurciya ta sauka a kan katanga ta fara, zakaran gidan baya ya karɓa. Ƙanena ya cire abin kunne zai tsayar, na yi masa alama ya bari. Daidai ina karanta wurin gadin asuba na Verdun. Mun ajiye wannan ɗaukar. Zakaran dai za a rage masa murya, ya cika zaƙewa.

Hazo ya sauko, leɓena ya tsage, harafin "f" yana fita da iska. Man kaɗanya kafin ɗauka ta gaba.

19 ga Disamba

Kashi na huɗu. Shi ne mafi nauyi, kuma shi ne dalilin da yanzu nake ganin shirin ya cancanci wahalar.

Akwai wani mai gadi Bajamushe, Carl-Albert Brüll, lauya ne kafin yaƙi, yana jin Faransanci. Shi ya riƙa kawo wa Messiaen takarda da fensir, ya sama masa wurin da zai zauna shi kaɗai ya yi rubutu, aka ɗauke masa aikin ƙarfi. Shi ne kuma ya taimaka da takardun da suka fitar da Messiaen da Pasquier a watan Fabrairu 1941, makonni kaɗan bayan wasan. An ruwaito har da hatimin jabu da aka sassaƙa da dankali. An kuma ruwaito cewa bayan yaƙi Brüll ya je Paris don ya ga Messiaen, aka sallame shi daga ƙofa. Zan faɗe shi a matsayin ruwaya.

Akoka ya kamata ya fita tare da su, aka tare shi saboda Bayahude ne. Daga baya ya diro daga jirgin ƙasa yana tafiya, kilarinet ɗinsa a hammata, ya kai kudancin Faransa. Mahaifinsa kuwa 'yan sanda sun kama shi, aka kai shi Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi ke kashe Yahudawa, bai dawo ba. Le Boulaire ya fito daga baya, ya ajiye goge ya koma wasan kwaikwayo da sunan Jean Lanier. Mutum huɗun nan ba su sake kaɗa kiɗan tare ba. Da aka fara kaɗa shi a Paris a watan Yuni 1941, wasu ne suka riƙe goge da kilarinet.

Sai maganar kujera. A watan Mayu 1941 Messiaen ya fara koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta Paris. Kujerar ta André Bloch ce, wanda aka cire a ƙarƙashin dokar Oktoba 1940 ta gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗin kai da Jamus, da ta hana Yahudawa aikin koyarwa. Ba Messiaen ya rubuta dokar ba, ba shi ya kori kowa ba. Mutum ne da ya fito daga sansani a rame, da mata da ɗa ɗan shekara uku, yana neman abin sa wa a baka. Amma kujerar ba faɗowa ta yi daga sama ba. Na rubuta sakin layin nan sau huɗu. Na farko ya wanke shi tas, na biyu ya ɗaure shi, na uku ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman bashi. Na huɗu jimla uku ne: wa ke kan kujerar, me ya tashe shi, wa ya hau. Na bar shi haka, da daƙiƙa biyar na shiru a bayansa.

Uwargida ta saurari gwajin ta ce, "Malam, da ka fara aikin nan waliyyi kake ba mu labari." Na ce har yanzu ina son kiɗansa kamar ranar farko. Ta ce ba ta ce kada in so ba.

28 ga Disamba

Na tsara ƙashin bayan kashi na biyar, Paris a ƙarƙashin mamayar Jamus. Abin mamaki, shekarun nan na yunwa da katin rabon abinci suna cikin mafiya albarka a aikin Messiaen. A ajinsa na farko akwai wata ɗaliba mai fiyano, Yvonne Loriod, wadda ba abin da zai rubuta ta kasa kaɗawa. Don su biyu ya rubuta Visions de l'Amen, na fiyano biyu, suka kaɗa shi ranar 10 ga Mayu 1943 a wani ɗakin nunin zane a Paris. A 1944 ya fitar da littafin da ya bayyana dabarunsa, a shekarar kuma wani saurayi mai suna Pierre Boulez ya shigo ajinsa. Daga Maris zuwa Satumba 1944 ya rubuta Vingt regards sur l'Enfant-Jésus, kiɗan fiyano na kusan awa biyu. Wato ana harbe-harben 'yantar da Paris a watan Agusta, shi yana kan tebur. Loriod ta kaɗa shi a watan Maris 1945. Wata guda bayan haka wani aikinsa na mawaƙa mata ya tayar da ƙura a jaridu, wasu na yabo, wasu na cewa ya haɗa ibada da abin da bai dace da ita ba.

Claire, matarsa, lafiyarta ta fara taɓarɓarewa a shekarun nan, ƙwaƙwalwa ta riƙa gushewa, ta ƙare a gidan jinya har ta rasu a 1959. Ya auri Loriod a 1961. Ba zan yi tsegumi a kan wannan ba, amma Claire ma marubuciyar kiɗa ce, kuma yawancin masu ba da labarin layi ɗaya suke ba ta. Zan ba ta minti biyu.

Ina tunanin rufewa da aikin da ministan al'adu André Malraux ya nema a wurinsa don tunawa da matattun yaƙe-yaƙen duniya biyu, wanda ya rubuta a 1964. Ban yanke ba tukuna.

6 ga Janairu

Maganar izini. Messiaen ya rasu a 1992, saboda haka haƙƙin mallakar kiɗan yana nan daram, ga kuma haƙƙin waɗanda suka kaɗa kowane faifai. Na aika wasiƙar neman izini tun Nuwamba, shiru. Mun yanke: ba za mu sa kiɗan a cikin shirin ba. Zan faɗi sunan kowane ɓangare da lambarsa, in ce wa mai sauraro ya dakata ya nemo shi a YouTube, ya dawo. Ƙanena ya ce shirin kiɗa ba kiɗa kamar tuwo ba miya ne. Ban musa ba. Kurciyar nan dai tamu ce, ba mai bin mu bashinta.

14 ga Janairu, dare

Inda aka kwana: kashi na ɗaya da na biyu sun gama, an tace, an saurara sau biyu. Na uku an ɗauka, saura a yanke wajen minti huɗu, yawanci ni ne ina maimaita kaina a kan Indiya. Na huɗu sai an sake ɗaukar wurin Akoka, muryata ta yi rawa, ga kuma babur da ya wuce. Na biyar rubutu rabi.

Gobe da yamma, in an bi al'adar kowace shekara, za a kaɗa kiɗan a wurin da sansanin yake, inda yanzu akwai cibiyar tunawa da aka buɗe a 2015. Mu kuma ƙarfe bakwai na safe za mu saki kashi na ɗaya. Na tura wa Baba maƙwabci nasa tun yanzu ta wayar jikarsa, don shi ya fara ji.

Ƙanena ya leƙo yanzun nan ya ce a minti na 17 na kashi na biyu na furta Zgorzelec iri biyu cikin jimla ɗaya, kuma duka biyun ba daidai ba. Akwai mako guda kafin wannan ya fita. Na sa agogo ƙarfe huɗu da rabi, batir yana caji.